Ziyara Zuwa Asibitin Gyaran Baki A Sakkwato

Daga Gusau muka bi ta Talata Mafara, muka shiga Sakkwato da la'asar. Yawancin baƙi Hubbaren Shehu da fadar Sarkin Musulmi su ke nema. Mu kuwa Asibitin Yara na Noma muka nufa, wanda aka buɗe a 1999.

Kada sunan ya ruɗe ku, gama ba aikin gona a ke nufi ba. Noma sunan wata cuta ce mai farawa a dasashin yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, ta ci kunci da leɓe. Amma a can mun kuma tarar da iyaye riƙe da 'ya'yan da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, wato rufin baki. A duniya, wajen jariri 1 cikin 700 haka a ke haihuwarsa. Leɓe da ganɗa sukan haɗu ne a watanni 3 na farkon ciki. In ba su haɗu sosai ba, sai tsaga ta rage. Ba maita ba ce, ba kuwa iskoki ba.

Irin wannan jariri yakan sha wuyar tsotso, nono ya riƙa fitowa ta hanci. Likitoci kan ɗinke leɓe yana ɗan wata 3 zuwa 6, ganɗa kuwa wajen shekara guda.

Sai dai ɗinki ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sau da yawa haƙorin da ke kusa da tsagar ba ya fitowa, wani lokaci kuma ɗan rami ya rage a ganɗa. A nan ne likitan haƙori ke shigowa. Yakan auna bakin, ya yi wani marfi na roba daidai da ramin, ya ɗora masa haƙorin da babu. Da shi abinci ba ya bi ta hanci, magana kuma ta fita sarai. A cire a wanke kullum, a sake wani in yaro ya girma.

Mu malamai mun san abin da dariyar 'yan aji ke yi wa yaron da maganarsa ke fita ta hanci: wani har ya bar makaranta. Saboda haka, iyaye, kada ku ɓoye shi a ɗaka. Ku kai shi asibiti da wuri, ku kuma koma duk ranar da likita ya sa muku.