Agadas a lokacin ɗari

Daga Tawa zuwa Agadas tafiyar kilomita wajen 400 ce, bisa hanyar da aka shimfiɗa domin jigilar uraniyom na Arlit. Wanda ya bi ta cikin watan Janairu, tun bai wuce Abalak ba leɓensa ya soma tsagewa. Kafin ya hango hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda hazo kan lulluɓe, ƙwaurinsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka.

Baƙon da ya fito kudu, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da aka turo aiki, sanyi yake zargi. Gaskiya akwai shi: da asuba ruwan buta kamar ƙanƙara, a kan dutsen Bagzan kuwa, mai tsawon mita 2,022, wani dare har ruwa kan daskare. Amma abin da ke cin fata bushewar iska ce. Hunturu ya ratso Tenere babu ɗigon laima tare da shi, duk jikin da ya tarar sai ya zuƙe masa ruwa.

Abzinawa sun daɗe da sanin haka. Rawanin da ke rufe baki da hanci yana tare ƙura, yana kuma tsare ɗumin numfashi. Turkuɗin da ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, mai zuba baba a jiki, suna ɗaukarsa kariya ne ga fata, ban da ado.

Babban darasi dai yana wajen majema, waɗanda dukawan garin ke ɗinka jaka da sirdi da fatunsu. Majemi ba ya shafa wa busasshiyar fata mai. Sai tana da danshi yake murza mata shi, sannan ta yi laushi. Jikin mutum ma haka yake. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki yake yi. Don haka lokacin shafa shi ne da an fito wanka, an ɗan tsane jiki bai gama bushewa ba. Wanda ya bari sai ya isa biro ya tuna, ya yi asarar rabin mansa. Ruwa mai zafi ƙwarai da sabulun wanki kuwa, duk daɗinsu da safe, wanke maiƙon da jiki ya tanada suke yi. Ruwa mai ɗumi ya wadatar.

Man ma baƙo ne a garin. Itacen kaɗanya ba ya tsira a Abzin. Daga wajen Gaya da ƙasashen maƙwabta na kudu ake hawo da man kaɗe, ya zauna a kasuwa kusa da bazilin na butiki. Kowanne yana aiki, illa dai na kaɗe akwai mai sai an jure warinsa.

Ƙafa ce ta fi shan wuya. Alwala sau biyar, takalmi buɗaɗɗe, rairayi: kaushi ya taru, diddige ya yi faso har da jini. Masu dabara kan jiƙa ƙafa da dare, su goge kaushin a hankali, su cika ta da mai su sa safa. Ga mai ciwon sukari, faso ba abin jira ba ne, domin ƙaramar tsaga kan zama gyambon da ke kai ga yanke ƙafa. Shi kam, ranar da ya ga ta buɗe, gidan likita zai nufa kafin ya buɗe shago.