Neman Aiki Daga Ɗaka A Ƙasar Baƙunta

Ya ku 'yan'uwana mata, musamman ku da za a tafi da ku ƙasar waje rakiyar maigida karatu, ina so mu yi shawara. Mu a nan Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, da yawanmu haka muka zo. Maigida ya tafi jami'a da safe, ke kuwa sai bango huɗu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Ga kuɗin haya, ga naira ta faɗi tun 2023, abin da ake aikowa daga gida ba ya kai tsakiyar wata.

To, akwai aikin da mace ke yi tana ɗakinta, mai ba da aikin kuwa yana can Amurka ko Ingila. Kwamfuta da intanet su ne jarin. Tun annobar korona ta 2020 irin wannan aiki ya yawaita. Ni dai abin da aka koya mini a makarantar horon malamai shi na ɗauka, watau tsara darasi. Akwai masu neman malamar Hausa, akwai masu neman mai fassara. Harshen nan da muke gani ba komai ba, a can abin saye ne.

Amma kafin kome, ki duba takardar zamanki. Iznin da ake ba matar ɗalibi a nan Malesiya bai ƙunshi aiki ba. Kada ki ce ai a ɗaka nake, wa ya gan ni? Ki sa maigida ya tambayi ofishin baƙin ɗalibai na jami'arsa, a ba ku amsa a rubuce, domin idan aka sami matsala karatunsa ma yana iya taɓuwa. A 2022 ƙasar ta fito da wani izni na musamman, DE Rantau, don masu yi wa kamfanonin waje aiki, sai dai ana so mai aikin kwamfuta ya nuna yana samun dala 24,000 a shekara. Wannan ya fi ƙarfin mai farawa. Ingila kuwa daban: tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba su da damar kawo iyali, sai masu karatun bincike kamar na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, amma matar da ta shiga ta wannan hanya tana da damar aiki.

Sa'an nan sha'anin lokaci. Mun riga Nijeriya da awa 7, New York kuwa da awa 12 a lokacin zafinsu. Ɗalibin da ya ce ƙarfe bakwai na yamma, a gare ni bakwai na safe ke nan, bayan asuba, daidai lokacin shirya yara. Sai an yi shiri da maigida, in ba haka ba ko koko ya ƙone ko darasi ya lalace.

Kasuwannin aiki irin su Upwork da Fiverr dillalai ne, suna cire la'adarsu. Fiverr kashi 20 cikin 100 yake ɗauka. Ki lissafa da wannan kafin ki yanka farashi, kuma kada kunya ta sa ki karya shi.

'Yan makaranta, ku ma ku ji. Wanda ya aiko miki saƙo ta WhatsApp ko Telegram, ya ce ki fara biyan kuɗin rajista kafin a ba ki aiki, ɓarawo ne. Haka wanda ya ce ki ba shi aron asusunki na banki ya wuce da kuɗi. Ranar da 'yan sanda za su zo, sunanki ne a takarda, shi kuwa ko sunansa na gaskiya ba ki sani ba.