Kamikatsu: Garin Da Motar Shara Ba Ta Shiga

Kafin mu kama hanya bari in yi miki wata tambaya: sharar da aka fitar daga gidanki yau da safe, ina take yanzu? Na san dai kin ba yaro ɗan canji ya ɗauki bokitin ya fita da shi, ya dawo miki da shi wayam, shi ke nan kuma kin manta da batun. To a wannan watan zan kai ki wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Japan, inda matar gida ba ta da halin mantawa, domin ta san inda kowane gwangwani da kowace leda ta gidanta za su ƙare, har ma da abin da za a kashe a kansu. Sunan garin Kamikatsu.

Idan kin sauka a Tokiyo, sai ki sake shiga wani jirgin zuwa birnin Tokushima da ke tsibirin Shikoku. Daga nan tafiyar kamar awa guda ce a mota, hanya tana ta murɗewa tana bin gefen kogin Katsuura, tana hawa cikin duwatsu. Duk inda kika duba itatuwa ne, don mafi yawan ƙasar garin daji ne, sai gidaje a warwatse jikin tsaunuka, da gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakalar bene. Mutanen garin duka ba su kai 1,500 ba, kuma fiye da rabinsu sun haura shekara 65, saboda samari da 'yan mata sun tafi birane neman aiki. A takaice dai ƙauye ne, irin wanda a nan gida ma ba za ki yi zaton a ji sunansa a wata ƙasa ba.

Abu na farko da za ki lura da shi, babu juji a bakin hanya, babu kuma motar kwasar shara da ke bi gida-gida. Kowane gida shi ke ɗaukar shararsa ya kai matattara guda ɗaya da garin ke da ita. Kada ki ɗauka haka suka taso. Har zuwa shekarun 1990 a wani babban rami suke zubawa su cinna wuta, kamar dai yadda ake yi a unguwanninmu. A 1998 hukumar garin ta kafa ƙananan injinan ƙona shara guda biyu, amma ba a daɗe ba dokar ƙasa ta tsananta a kan wata guba mai suna dayokzin da ke fita a hayaƙin ƙona shara, ala tilas aka rufe su. Sayen sabon inji ya fi ƙarfin aljihun garin, kai sharar wani wuri a ƙona musu kuma kuɗi ne mai yawa. Wato dai ba burgewa ce ta sa su ba, talauci ne da dole. Sai suka ce tunda ƙonawa ce ke cin kuɗi, bari a rage abin da za a ƙona. A 2003 Kamikatsu ya zama gari na farko a Japan da ya shelanta cewa yana son kaiwa matsayin da ba zai ƙona ko ya binne komai ba, ya kuma sa wa kansa wa'adin 2020.

Yanzu zo mu shiga matattarar. Ginin da ake amfani da shi an buɗe shi ne a 2020, kuma idan aka hango shi daga sama siffar alamar tambaya gare shi. An gina shi da katakon dajin garin, tagoginsa kuwa kusan 700 tsofaffi ne da mutanen gari suka bayar daga gidajensu, wannan babba wannan ƙarama, kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye. Kina shiga za ki yi mamakin rashin wari da ƙuda. Dalili kuwa ba a karɓar ragowar abinci a wurin. Tun 1995 hukuma take tallafa wa gidaje su sayi injin mayar da ragowar abinci taki, don haka ɓawon kayan miya da ƙanzo da sauransu a gida suke ƙarewa, su koma gona.

Sauran sharar ita ce ake rarrabawa. A 1997 kashi 9 suke yi, a 2002 ya zama 34, a 2016 ya kai 45. Gwangwanin ƙarfe daban, na alminiyom daban. Farar kwalba daban, mai ruwan ƙasa daban, sauran launuka daban. Gorar roba a cire mata murfi, a ɓare takardar jikinta, kowanne da inda ake sa shi. Jarida, kwali, mujalla, kowanne da wurinsa. Kwalin madara sai an ɗauraye shi, an farke shi, an shanya ya bushe. Ledar da aka zubo abinci mai maiƙo ita ma sai an wanke. Akwai ma'aikata a wurin da za su nuna miki idan kin rikice, amma hannunki ne zai yi aikin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne allunan da ke saman kowane kwando. An rubuta inda za a kai wannan kaya, da abin da za a mayar da shi, sannan da kuɗin: ko garin zai samu yen kaza a kowane kilo, ko kuma zai biya yen kaza kafin a raba shi da shi. Ƙarfe da takarda suna kawo kuɗi. Abin da sai an ƙona shi kuwa cin kuɗi yake yi, kuma daga harajin mutanen gari ake biya. Kin ga ke nan duk matar da ta tsaya a gaban kwandon tana ganin lissafin da idonta.

A nan ne darasin yake, uwargida. Shara ba ta taɓa zama kyauta ba, dole wani ya biya. A Koriya ta Kudu tun 1995 doka ta ce sai ka sayi ledar hukuma ta musamman kafin a kwashe maka shara, mai yawan shara ya sayi leda da yawa, kayan da za a sake sarrafawa kuma a karɓa ba ko sisi. Garuruwa da dama a Japan ma haka suke yi. Mutanen Kamikatsu su da lokacinsu da guminsu suke biya. Mu kuwa da muke ganin kamar mun huta, muna biya ta bayan gida: kwata ta toshe da leda damina ta shigo mana ɗaki, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, akuya ta ci leda ta rame ta mutu, yara su shaƙi hayaƙin bola su kwana suna tari.

Kafin ki fita, leƙa shagon da suke kira Kuru-kuru, ma'ana abin da ke zagayawa. Mutanen gari ne ke kawo kwanuka da tufafi da kayan wasan yara da suka daina amfani da su, kowa kuma yana iya ɗauka kyauta, har ke baƙuwa. Abin da kawai ake so, ki ɗora a sikeli ki rubuta nauyinsa, don a san yawan abin da aka ceto. Akwai kuma wurin ɗinki inda mata, yawancinsu dattijai, ke mayar da tsofaffin tufafin gargajiya jakunkuna da 'yar tsana. Masu rarraba wasu kayan da kyau ana ba su maki, su tara su karɓi kayan amfanin gida. Da yayyafi kogi kan cika. Idan dare ya yi miki, a cikin harabar akwai ɗan masauki mai ɗaki huɗu, a daidai ɗigon alamar tambayar. Sabulu ma yanka miki za a sa ki yi daidai wanda zai ishe ki, da safe kuma ki kai sharar ɗakinki ki rarraba da kanki.

Kada kuma ki raina tsofaffin matan garin. Bayan wani matsanancin sanyi ya kashe itatuwan lemonsu a 1981, wani ma'aikacin ƙungiyar manoma mai suna Tomoji Yokoishi ya fito da dabarar sayar da ganyaye masu kyau da gidajen abinci ke ƙawata faranti da su. An fara a 1986, kuma sana'ar ta kafu a hannun iyaye mata, waɗanda suka koyi duba odar kasuwa a kwamfuta. Mutanen da suka iya mayar da ganye kuɗi, ba abin mamaki ba ne su ga daraja a gwangwani.

To sun cika alkawarin 2020? Gaskiya ba su cika ba. Sun tsaya a wajen kashi 80 cikin 100, a ƙasar da gaba ɗayanta take wajen kashi 20. Abin da ya gagara su ne irin su famfas na yara da na tsofaffi, audugar mata, takalma da wasu robobi, waɗanda tun daga masana'anta ba a yi su don a sake sarrafa su ba. Shi ya sa hukuma ta shiga ba masu jego kyautar kunzugun yadi, kuma a 2020 garin ya sabunta shelarsa zuwa 2030. Sannan aikin akwai gajiya. Wanke leda da shanya kwali ƙari ne a kan aikin gida, kuma kin san a kan wa aikin gida ya fi faɗawa. Tsofaffin da ba su da mota ma sai da aka ware musu ranakun da ake zuwa a ɗaukar musu.

Ban ce ki jera kwanduna 45 a tsakar gidanki ba. Amma abin ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun san toka da kashin dabbobi taki ne, manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasarsa a kan jakuna zuwa gona. Ragowar tuwo na kaji da awaki ne, tsohon zani ya zama tsumma, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola kuma har ƙofar gida suke zuwa sayen ƙarfe da roba. Leda ce ta zo ta cakuɗa mana komai, har takin ma ya lalace. Ki gwada bokiti uku: na abin da ke ruɓewa, na abin da ake saye, da na sauran. Bayan mako guda ki duba na ukun, za ki ga ainihin sharar gidanki ba ta kai yadda kike zato ba, kuma abin da kike ba mai kwashewa zai ragu. Shi ma yaron, ki tambaye shi inda yake zubarwa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.