Daga Arlit zuwa Kwatano: hanyar da ƙasa ke numfashi da ita

Ƙasar da Allah bai ba ta gaɓar teku ba, hanya ce tekunta. Shekara da shekaru har zuwa 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke saye daga ƙetare ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa, ƙarfen uraniyom kuma ta nan yake fita. Tsakanin rairayin Arlit da ruwan gishirin Kwatano akwai tafiyar kusan kilomita 2000, kuma wanda ya bi ta daga farko har ƙarshe ya karanta tarihin kasuwancin ƙasar nan ba tare da ya buɗe littafi ba.

Matafiyi yakan bar Arlit da asuba, tun iska ba ta tashi ba. Garin yaro ne cikin garuruwa, ma'adini ya haife shi. Kamfanin Somaïr ya soma haƙa a 1971, Cominak ya biyo baya a 1978, aka rufe shi a 2021. Saboda su aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, fiye da kilomita 600, har ake ce mata hanyar uraniyom. A wancan lokaci manyan motoci na gangarowa da gangunan ma'adini, suna haurowa da farar wuta da sauran kayan aikin masana'anta. Nauyi da shekaru suka cinye ta, har a shekarun 2010 direbobi kan bar kwaltar su bi ta cikin rairayi, domin ramukan sun fi dajin wuya.

Bayan kilomita wajen 240 sai hasumiyar masallacin Agadas ta bayyana, ginin laka mai tsawon mita 27, wanda asalinsa ke komawa farkon ƙarni na 16. Nan ne tsohuwar mahaɗar fatake. Tun ba a san mota ba, ayarin raƙuma ke ɗauko gishirin Bilma da dabino, su kai Damagaram da Kano, su komo da gero da tufafi. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya.

Daga nan hanya ta miƙe kudu maso yamma, ta ratsa makiyayar Buzaye da Fulani, ta wuce Abalak da tabkinta, ta faɗa Adar mai duwatsu. A Tawa ne gonar gero ke soma rinjayar daji. A mararrabar Tsarnawa kuwa hanyar uraniyom ke haɗuwa da babbar hanyar da ta fito daga Damagaram da Maraɗi, inda motocin albasar Galmi ke shiga layi, su ma teku suka nufa. Daga Ƙwanni a bi ta Dogon Dutsi, ƙasar Arewa, inda Sarauniyar Lugu ta yi tsayin daka gaban sojan Faransa a 1899, har a isa Doso, birnin Zarmakwai. Nan mai son teku ke barin hanyar Yamai, ya karkata kudu.

Tsakanin Doso da Gaya ƙasa ke sake riga. Giginya ta yawaita, rogo da rake da shinkafa suka maye gurbin ƙaya. A Gaya kogin Isa ya tare gaba, gada kuma ta ɗaure Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin. Kafin gadar da kwaltar, fataken Hausa sun san wannan yanki sarai. Ayarin jakuna masu zuwa Gwanja neman goro ta ƙasar Dandi da Bargu suke ratsawa, su yada zango a Kandi da Zugu, ɗauke da kanwa da baƙin rini. Shi ya sa har yau Dandanci da Hausa ke ci a kasuwannin arewacin Benin, baƙo daga Nijar ba ya rasa mai amsa masa sallama.

Daga Malanbil sai Kandi, ƙasar auduga, sai Paraku. Nan jirgin ƙasa da ya taso daga Kwatano ya tsaya a 1936, bayan kilomita 438, bai ƙara gaba ba. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN: jirgi ya kawo kaya Paraku, motoci su ɗauka zuwa Nijar. Alkawarin kai dogo har Yamai ya tsufa a bakin shugabanni. An shimfiɗa kilomita wajen 140 tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016, amma layin bai haɗu da na Paraku ba.

Kudu da Paraku iska ke yin nauyi. Doya da garin rogo sun cika bakin hanya, duwatsun Sabe da na Dasa suka wuce, sai Bohikon kusa da Abome, fadar sarakunan Dahome, sai kwakwar manja da abarba wajen Alada. Ƙarshenta Kwatano, da hayaƙin baburanta, da kasuwar Dantokpa, da unguwar Zango inda ƴan Nijar ke sauka. A bakin tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1965, ɗan Abzin da ya saba da tekun rairayi ke tsayawa ya ga na ruwa.

Ɗan kasuwa ba kilomita yake ƙirgawa ba, shingaye yake ƙirgawa: na duwan, na jandarma, na ƴan sanda, da kwanakin da kaya ke yi a tasha. Kowane tsaiko kuɗi ne, kuma mai awo a kasuwa shi ke biya daga ƙarshe, ma'aikaci mai jiran albashi da manomi mai jiran kaka. An ga haka a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi. An sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sa'ad da takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Gaya. Ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, hanya ta yi tsawo, farashin shinkafa ya hau. A shekarar ce kuma ɗanyen man Agadem ya soma isa gaɓar Seme ta cikin bututu, a ƙarƙashin ƙasar da motoci suka kasa bi ta samanta.

Bututu mai kawai yake ɗauka. Albasar Galmi, da ragon layya, da maganin asibiti, da ɗalibi mai komawa gida, duk gada suke buƙata. Hukumomi na da hujjojinsu, amma mutanen Gaya da na Malanbil ruwan kogi ɗaya suke sha, sun ba juna aure tun kafin a ja iyaka. Fataken da sun bar wa na baya darasi guda: ayari ba ya wucewa sai da amanar masu ƙasa, kuma hanya, komai tsufanta, ƙafa ce ke raya ta.