Karen Fulatari a bayan darnin Difa

A rugagen Fulatari, can cikin yankin Maine Sorowa, kare ma'aikaci ne kamar kowa. Yana kwana a gefen garke, ya kori dila, ya sanar da zuwan baƙo tun yana nesa. In ya gamu da ɗan'uwansa a bakin rijiya, sai su shinshini juna, su yi gurnani, wanda ya ga ba zai iya ba ya ja da baya, magana ta ƙare. Daji yana da faɗin da zai ɗauki fushin kowa.

Birnin Difa kuwa daban yake. Tun 2013 da ƴan gudun hijira suka fara ƙetaro Komadugu, balle bayan harin watan Fabrairu na 2015, gari ya cika ya batse, gidaje suka matsu da juna, mai dukiya kuma ya koyi barci da ido ɗaya. Cikin wannan matsi ne wani majon likita ya sauka da iyalinsa, bayan shekarun aiki a Fulatari. Cikin kayansa har da baƙin kare mai suna Duna, kyautar wani arɗo da ya yi wa jinya.

Maƙwabcinsa wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar tattasai, mai karnuka biyu da ke gadin buhunansa. Abin da ya raba gidajen biyu darni ne na kara, wanda gara da awaki suka riga suka ci rabonsu. Tun daren farko aka ja daga. Duna ya hango inuwa ta kafar kara, ya yi kukan kura. Na Alhaji suka amsa. Daga nan kullum sai su bi darnin a guje daga wannan kusurwa zuwa waccan, suna haushi, suna cizon kara, har sawunsu ya yi kwari a ƙasa.

Majo ya yi abin da yawancin mutane ke yi. Ya yi tsawa, ya sa bulala, daga bisani ya ɗaure karen da sarƙa a gindin dogon yaro. Abin sai ƙaruwa ya yi. Dalili kuwa masana halin dabbobi sun daɗe da bayyana shi. Karen da ke ganin abokin gaba amma shinge ya hana shi isa, ba shi da hanyar gama maganar irin ta bakin rijiya, don haka fushinsa taruwa yake yi. Kuma duk lokacin da na ƙetare suka gaji suka koma, a ganinsa haushinsa ne ya kore su, gobe sai ya ƙara murya. Bulala tana koya masa cewa ganin karen maƙwabci yana zuwa tare da zafin jiki. Sarƙa kuma wani shinge ne a kan shinge.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata rana da la'asar ana cikin dambarwar, jikan Alhaji ɗan shekara bakwai ya zura hannu ta ɓarakar darni don ya janye nasu kare. Duna bai duba ba, ya kafa masa haƙori. Karen da idonsa ya rufe haka, ko ubangijinsa ne ya taɓa shi yana iya cizo.

A nan aikin Majo ya yi rana. Ya wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke umurni, ya ɗauki yaron zuwa asibiti aka fara masa allura. Ya san cewa ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana, kusan ba a tashi. Hukumar ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, alhali allurarsa tana nan tun 1885 da Louis Pasteur ya gwada ta a Faransa. Likitan dabbobi ya ce a killace Duna mako biyu ana dubansa, domin karen da cutar ta kai ga yawunsa ba ya wuce kwana goma bai nuna ba. Duna ya fita lafiya, yaro ya warke. Abin da bai warke ba shi ne gaisuwa. Matan gidajen suka daina aron turmi, Alhaji ya yi zancen komisariya, yaransa suka yi zancen guba.

Bulaman unguwa ya tara su tare da liman. Alhaji ya ce: "Majo, ni ban ƙi ka ba, amma me ma'aikaci yake gadi da zai ajiye zaki a gida?" Majo ya ce: "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Karena ya yi cizo, ban musa ba. Amma kwana nawa nake roƙo a gyara darnin nan?" Liman ya tuna musu cewa shari'a ta yarda da kare na kiwo, da na gona, da na farauta, kuma masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gida lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Sai dai, in ji shi, wanda ya ajiye dabba shi ke ɗaukar nauyin ɓarnarta, haƙƙin maƙwabci kuwa ba ya faɗuwa don tsoron ɓarawo.

Aka tsai da shawara. Majo ya biya kuɗin magani. Suka haɗa kuɗi aka sake darni, aka lulluɓe shi da zana mai kauri har ido ba ya ratsawa. Ta gefensa Majo ya ƙara wani shinge na waya, taku biyu daga darnin, don kada hanci ya kai ga hanci. Aka raba lokaci: na Alhaji suna sake da dare a bakin sito, Duna yana kwana ta ƙofar gida. Dukansu uku aka kai su ma'aikatar kiwo aka yi musu rigakafi.

Sauran aikin na haƙuri ne. Bayan sallar asuba Majo yakan fita da Duna da igiya zuwa bayan gari, ya sha tafiya har ya gaji, domin karen da ya saba bin garke ba ya zama lafiya a tsakar gida wuni guda. Da yamma kuma yakan tsaya da shi nesa da darni, riƙe da guntayen banda. Da an ji motsin na ƙetare sai ya kira sunansa. In ya waiwayo, ya samu kifi. Kowane mako suna matsawa taku ɗaya. Ran da karen ya kasa, sai a koma baya a sake. Wata uku aka ɗauka kafin Duna ya ji haushin maƙwabta ya ɗaga kai ya dubi ubangijinsa maimakon ya ruga.

Har yau ba a ce sun zama abokai ba, kuma in baƙon kare ya ratsa layi, dukansu uku sukan tashi unguwa. Amma da kakar tattasai ta zo, jikan Alhaji ne aka aiko da kwano cike, ya yi sallama, ya shigo ta ƙofa.