Daga Ajingi Zuwa Tokiyo, Inda Ake Renon Sabon Marubuci

Ɗan'uwa, ka ce idan na dawo in ba ka labarin Japan, to ga shi. Da sanyin asuba na bar Ajingi, kafin hantsi mun wuce Gaya, mun tsallake gadar Wudil, mun shiga Kano. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Adis Ababa, can muka sauya jirgi, muka ya da zango a Koriya ta Kudu, sannan muka sauka Narita, filin jirgin da ke wajen birnin Tokiyo. Agogonsu na gaba da namu da awa 8, lokacin da kuke haramar sallar Asuba, Musulmin can sun riga sun yi Azahar. Ƙanina da ke karatun injiniya a wata jami'a ta birnin shi ya tarbe ni, shi ne kuma tafintana har na baro ƙasar.

Tun a jirgin ƙasa na fara ganin abin mamaki. Tarago cike da mutane, amma shiru kake ji. Mafi yawansu waya suke latsawa, wasu kuma sun duƙufa a kan wasu 'yan littattafai masu shiga aljihu, waɗanda suke kira bunko. Daga dama ake buɗe su, yadda muke buɗe littattafanmu na ajami, layukan kuma daga sama suke gangarowa ƙasa. Na tafi da zaton cewa a ƙasar da ake ƙera kwamfuta da mutum-mutumi an daɗe da jingine takarda. Ashe ba haka ba ne.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Tokiyo da ke unguwar Yoyogi Uehara, ginin Turkawa mai ƙubba da doguwar hasumiya. Daga nan muka wuce Jimboco, unguwar masu sayar da littattafai. Ka san 'yan littattafan kasuwar Sabon Gari a Kano. To a nan shaguna sun haura 100, wani na tarihi kaɗai yake sayarwa, wani tsofaffin taswirori. A wani babban shago ƙanina ya tsayar da ni gaban kantoci cike da ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ake hasashen tafiya duniyar taurari, ko rayuwar ɗan'adam nan da shekara ɗari, ko na'urar da ke tunani. Ya ɗauko wata mujalla mai suna S-F Magazine, wadda kamfanin Hayakawa ke bugawa tun 1959. A 1961 kamfanin ya buɗe gasa don neman sababbin marubuta, kuma ta wannan ƙofa Sakyo Komatsu ya shigo, mutumin da a 1973 ya rubuta shahararren labarin nutsewar Japan cikin teku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gasar wani kamfanin ɗab'i mai suna Tokyo Sogensha, ta gajerun labaran kimiyya, wadda aka fara ba da kyautarta a 2010. Ɗaruruwan mutane ke aika labari kowace shekara. Wanda ya yi nasara ana buga labarinsa, editoci kuma su ci gaba da bibiyarsa har ya fitar da littafi. Dubi abin da hakan ya haifar. A shekarar farko an yaba wa labarin wata mata, Haneko Takayama, ko da yake ba ita ta zo ta ɗaya ba. A 2020 sai ga ta ta karɓi kyautar Akutagawa, wadda ke cikin mafi daraja a adabin ƙasar. Dempow Torishima, gwarzon 2011, da Yusuke Miyauchi, wanda shi ma ya fito a gasar farko, duk sun ci babbar kyautar labaran kimiyya ta Japan daga baya.

Washegari muka hau wani jirgin ƙasa marar direba zuwa Odaiba, tsibirin da aka cike teku aka gina. Can ne gidan nune-nunen kimiyya na Miraikan yake. Yara 'yan makaranta sun cika wurin, kowa da ɗan littafinsa yana rubuta abin da ya gani. A nan na ji labarin kyautar Shinichi Hoshi, marubucin da ya rasu a 1997 bayan ya rubuta gajerun labarai sama da 1,000. Jaridar Nikkei ce ta kafa ta a 2013. Gwarzon manya yana samun yen miliyan 1, akwai kuma rukunin yara, daga ƙaramar sakandare zuwa ƙasa. Wani abin al'ajabi, dokar gasar ta yarda a shigar da rubutun da ba na ɗan'adam ba. A 2016 wani labari da masu bincike suka haɗa da taimakon ƙirƙirarriyar basira ya tsallake zagayen farko, amma bai kai ga kyauta ba.

A jirgin dawowa barci ya ƙaurace mini, tunanin gida ya cika ni. Ai mu ma ba baƙin gasa ba ne. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, a lokacin marubucin Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, yana matashin malamin makarantar Midil ta Katsina. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta 1978 ta fito da Sulaiman Ibrahim Katsina da Hafsatu Abdulwahid. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna mana irin baiwar da ke kwance a gidajenmu, tun daga labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu. Labarin kimiyyar ma muna da shi: a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. Sai dai turbar da ya share ba ta sami mabiya da yawa ba, domin ba a yi wa masu sha'awarta dandali ba. Japanawa ba su fi mu iya ba da labari ba. Sun fi mu naci ne, da riƙon hannun sabon marubuci bayan an watse daga bikin ba da kyauta.

Da muka sake tsallake gadar Wudil na tuna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke garin, cike da matasa masu karanta injiniya da aikin gona da kwamfuta. Na kuma tuna tarihi ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala saboda tama, daga Gaya suka fito. Jikokin maƙera ba za su rasa abin cewa a kan na'ura ba. Yaron Ajingi da ya ga famfon burtsatse mai aiki da hasken rana, ya ga damina tana sauya lokaci, zai iya zana mana yadda gonar gero za ta kasance nan da shekara hamsin.

Don haka ina kira ga Masarautar Gaya, da jami'ar Wudil, da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, da attajiranmu, su haɗa hannu su kafa gasar gajerun labaran kimiyya da Hausa. A ware rukunin 'yan sakandare, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A buga labaran da suka yi fice, a haɗa kowane gwarzo da edita, kuma kada shekara ta wuce ba a yi ba. Kai kuma ɗan'uwa, idan akwai mai son rubutu a gidanku, ka saya masa littafi da biro tun yau.