Ƙasar da ke Riƙe Tubali

A zauren gidanmu da ke Mandawari ƙanwata ta miƙo mini takardar sakamakon ɗanta mai shekara uku, wanda aka cire wa ƙodar hagu saboda ƙari. Ta ce, "Yaya, mene ne wannan CD56 da suka rubuta? Hukunci ne?" Sai da na yi kwanaki ina karatu kafin na koma mata da amsa.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ke tsakanin tubali ce ke riƙe katanga. Haka ƙwayoyin halittar jiki suke: a bayan kowacce akwai sunadarai masu manna ta da maƙwabtanta. Ɗaya daga cikinsu shi ne NCAM, wanda aka gano a ɗakin binciken Gerald Edelman na Jami'ar Rockefeller a Amurka cikin shekarun 1970, a idon ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba. Shi ne likitoci ke kira CD56.

Sa'ad da ɗa ke cikin mahaifa, jiki kan naɗe wannan sunadari da dogon zaren sukari mai rage masa danƙo, domin ƙwayoyi su samu sararin tafiya mazauninsu. Idan gini ya kammala, mafi yawan zaren yakan kau. Wasu nau'o'in sankara kan dawo da shi, kamar ƙarin Wilms na ƙodar yara da wata sankarar huhu mai saurin yaɗuwa. Ƙwayar da ta kwance daga 'yan'uwanta kuwa ta fi samun hanyar ƙaura.

Amma a takardar ƙanwata, CD56 shaida ce kawai. Ƙarurrukan yara da dama sun yi kama da juna a idon na'ura, don haka ake rina su a tantance. Ana samun CD56 a ƙarin Wilms, ba a cika samun sa a sankarar Burkitt ba, kuma maganinsu ya bambanta. Likita kan haɗa shi da wasu alamu kafin ya yanke magana.

Na gaya mata cewa a ƙasashe masu wadata kusan yara tara cikin goma ke warkewa daga Wilms, kuma babban haɗari a nan shi ne zuwa asibiti a makare da yanke magani idan kuɗi sun ƙare. A daren muka zauna da 'yan'uwa, muka raba makonnin allurar a tsakaninmu. Na huɗu da na tara nawa ne.